Yadda na yi wa falona fenti ruwan ɗorawa har sau uku

Wannan makon ban zo da maganar ƙwaya ko allura ba, maganar fenti na zo da ita. Na san wata za ta ce me ya haɗa mai harhaɗa magunguna da bango. Ki yi haƙuri ki biyo ni, domin ni ma ban ga haɗin ba sai da bangon falona ya kai ni ɗakin gwajin jini goye da yaro.

Shekara huɗu ke nan da muka tare a wani gidan haya a Agege, hawa na ɗaya, ɗaki biyu da falo. Tagar falon tana kallon bangon maƙwabta ne, tsakaninsu bai fi taku uku ba, don haka ko da tsakar rana sai an kunna fitila. Wanda ya yi damina a Legas ya san sauran labarin: hadari ya rufe sama sati guda, wanki ya ƙi bushewa, takalmi ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado. Ga bangon kuma ruwan toka, irin wanda masu gidajen haya suke so don yana ɓoye datti. In na taso daga kantin magani, na sha gosulo, na iso gida bayan magariba, sai in ji kamar sito na shiga.

Abin da nake kewa na san shi. Ɗakin kakata ne a cikin birnin Zariya, ginin ƙasa, wanda in la'asar ta yi sakaliya rana take shigowa ta ƙofa ta kwanta a bango, komai na ɗakin ya koma kamar an shafa masa man shanu, har da jeren kwanoninta. Wannan launin nake so. Bahaushe kuwa bai rasa sunayensa ba. Akwai rawaya, wadda asalinta tsiro ce da ake rini da saiwarta. Akwai ruwan ƙwai, akwai ruwan zinare, akwai ruwan goro da ya karkata wajen ja. Nawa shi ne ruwan ɗorawa, irin garin nan da muke lasa muna yara har leɓe ya rine, amma wanda ya ɗan lafa, ba mai tsole ido ba.

Na je wurin masu sayar da fenti, aka miƙo mini kati mai ƙananan launuka jere da sunayen Turanci, na nuna wanda ya fi kusa da abin da ke raina, na biya kuɗin bokiti mai lita 20. Ranar Asabar aka shafa. Da maigida ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Madalla. Saura kwandasta ya fara kiran Oshodi." Na ji haushi, amma gaskiya ya faɗa. Falon ya zama danfo.

Laifin ba na katin ba ne. Launin da kika gani a takarda mai faɗin yatsa biyu, in ya mamaye bango huɗu sai ya ninka ƙarfi, domin kowane bango yana jefa wa ɗan'uwansa haske, kuma rawaya ta fi yawancin launuka wannan hali. Sannan ƙwan fitila yana da nasa hukuncin. Ki duba jikin kwalinsa za ki ga lamba. Mai 6500K shi ne farin nan mai shuɗi-shuɗi da ya cika gidajenmu, irin hasken fitilar caji da muke kunnawa in an ɗauke wuta, kuma a ƙarƙashinsa rawaya takan koma kore-kore kamar ɗanyen lemo. Mai 2700K ko 3000K shi ne mai taushi, shi ke fito da ɗumin launin. Da na sani da na sayi ɗan kaɗan na shafa a kwali babba, na jingina shi a bango kwana biyu, na kalle shi da hantsi, da la'asar, da dare, kafin in saki kuɗina. Kuma abin da ya burge ki a kati, ki sauko mataki ɗaya ko biyu zuwa wanda ya fi shi dishi-dishi, shi ne zai yi daidai a bango.

Bayan wata biyu na kasa jurewa, na kira wani mai fenti, dattijo ne ɗan Arewa da ya daɗe a nan. Ya sirka launin da fari ya lafar da shi, ya yi kyau ƙwarai. Sai ya kalli ɗana da ke rarrafe a lokacin, ya ce, "Hajiya, ki bari in sa miki fentin mai daga ƙasa zuwa ƙugu, da jikin ƙofa da taga. In yaro ya ɓata sai ki goge da tsumma." Shawarar ta shige ni. Washegari ya zo da galan mai lita 4, babu suna a jikinsa, babu takarda, ya ce haɗin kasuwa ne, rabin kuɗin na kamfani, kuma ya fi ƙyalli.

A nan ne nake jin kunyar kaina. Ni ce kullum nake faɗa da mutane kan ƙwayar da aka ƙulla a leda ba suna, ni ce nake cewa kada a ba yaro abin da ba a san me ke ciki ba. Amma na karɓi galan marar suna na sa aka shafa shi daidai tsayin da hannun yaro da bakinsa suke kaiwa. Ban ga laifin dattijon ba har yau, abin da ya saba ya yi, kuma sauƙi ya nema mini.

Damina ta zagayo. Bangon da ke jingine da banɗaki yana tsotsar ruwa, shi kuwa fentin mai ba ya barin danshi ya fita, sai ya fara kumbura yana ɓarewa. Wata Lahadi da rana na fito daga kicin na tarar da yaron, lokacin yana da shekara ɗaya da wata bakwai, ya durƙusa a lungun kujera ya yi shiru. Duk uwa ta san irin wannan shirun. Na juyo shi, sai ga ɓawon fenti rawaya a leɓensa da kan harshensa, ga wurin da ya daɗe yana ɓanɓara ya kai faɗin tafin hannuna. Ba ranar ya fara ba.

Abin da ya faɗo mini a rai nan take shi ne dalma. Ina jami'a a 2010 lokacin da labarin Zamfara ya fito, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. A can daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, ƙurar ta bi ƙasa inda yara ke wasa. Wannan ita ce fuskar dalma mai tayar da hankali, mai suma da farfaɗiya da mutuwa. Ta fenti ba ta cika zuwa haka ba. Kaɗan-kaɗan take shiga, yaro yana ci yana wasa, babu zazzaɓi babu kuka, tana rage masa kaifin ƙwaƙwalwa da natsuwa, sai ya shiga makaranta a fara cewa ba ya ganewa. Abin da ta ɓata a ƙwaƙwalwa kuma ba ya dawowa.

Me ya kai dalma cikin fenti? Shekaru da yawa, rawaya mai haske da ruwan goro da wani nau'in ja ana samar da su ne daga wani gari da aka haɗa da dalma, domin yana da arha, yana rufe bango da kyau, ba ya saurin koɗewa. Ana kuma zuba ta a fentin mai don ya yi saurin bushewa, da a wasu fentin ƙarfe don hana tsatsa. Amurka ta hana ta a fentin gida tun 1978. A nan gida, wani bincike da aka yi kan fentin mai da ake sayarwa a Ibadan, aka wallafa a 2007, ya samu dalma fiye da ƙima a mafi yawan waɗanda aka gwada, kuma rawaya ce ta fi kowane launi. Iyakar da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suke kira a bi ita ce kashi 90 cikin miliyan. Akwai kamfanonin da suka daina amfani da ita, domin akwai madadinta. Shi kuwa fentin ruwa, wanda ake sirkawa da ruwa ba da tina ko kananzir ba, da wuya a same shi da dalma. Matsalar tana wajen fentin mai, musamman mai launi mai ƙarfi, musamman wanda ba a san wanda ya haɗa shi ba. Duka ukun sun haɗu a bangona.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙaramin yaro yana tsotsar ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai tsotsa in sun haɗiyi abu ɗaya. Ba sai ya ci ɓawo ba ma. Fentin da ke jikin taga da ƙofa yana gogewa duk buɗewa da rufewa, ya zama ƙura, ta sauka ƙasa, yaro ya rarrafa ya sa hannu a baki. Jiki yana ajiye dalma a ƙashi shekara da shekaru, in mace ta samu ciki ta fito ta bi jini ta isa ga ɗan da ke ciki.

Maƙwabciyata da ta ji abin da ya faru ta shigo da manja a cokali, wata ta ce a ba shi madara ta wanke cikin. Na gode musu, amma ban ba shi ba. Manja da madara ba sa fitar da dalma, kuma ɗura wa yaro mai yana iya sa ya shaƙe shi zuwa huhu. Babu wani magani a kan kantata da zan miƙo miki don wannan. Maganin da ke janye dalma daga jini na masu adadi mai yawa ne, likita ke ba da shi yana bibiya. Hanya ɗaya ta sanin halin da ake ciki ita ce gwajin jini, kuma ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba, sai da na yi ta tambaya kafin na samu. Sati guda muka jira sakamako. A satin nan duk abin da yaron ya yi sai in fassara shi. In ya yi barci da yawa in ce ga ta nan, in ya ƙi cin abinci in ce ga ta nan. Maigida yana ba ni baki, amma da dare ina jin shi ma yana juyi.

Alhamdu lillahi, sakamakon ya zo ƙasa da mikrogiram 5 a desilita, wato ƙasa da inda ake cewa lallai a bi sawun tushen gubar. Sai dai gwajin ya tono wani abu: jininsa ya yi ƙasa, sinadarin ƙarfe bai ishe shi ba. Wannan yana da alaƙa da labarin ta fuska biyu. Ƙarancin sinadarin ƙarfe yana sa yaro sha'awar cin ƙasa da bango, kuma hanjin irin wannan yaron ya fi saurin tsotsar dalma. Aka ɗora shi a kan maganin ƙarin jini na wata uku, na ƙara masa hanta da wake da zogale. In yaronki yana lasar bango, kada ki tsaya a duka da tsawa, ki kai shi a duba jininsa.

Fenti na uku shi ne wanda na yi da hankalina. Sai da muka sa mai gidan ya gyara bututun da ke yoyo, muka bar bangon ya bushe, domin fenti a kan danshi asarar kuɗi ne. Na kai yaron gidan yayar maigida ya yi kwana takwas. Aka fitar da abin da zai fitu, aka shimfiɗa leda a ƙasa, mai aikin ya sa takunkumi, yana fesa ruwa yana kankarewa don kada ƙura ta tashi. Na hana a goge shi a bushe da takarda mai kaushi, na hana a babbaka shi da wuta, domin waɗannan biyun su ne suke cika gida da gubar. Bayan an gama ban sa tsintsiya ba, da jiƙaƙƙen tsumma aka goge ƙasa sau uku, aka wanke labule. In kuwa tsohon fentin gidanki yana nan lafiya bai ɓare ba, barin sa a rufe shi da sabo ya fi tayar da shi.

Na sayi fentin ruwa mai ɗan santsi, irin wanda shi ma ana iya goge shi da tsumma, a rufe da hatiminsa, da sunan kamfani da adireshi da lambar haɗi da tambarin hukumar SON, kuma an rubuta a jiki cewa ba a sa dalma ba. Rubutu ba rantsuwa ba ne, amma aƙalla akwai wanda za a riƙe. Abin da ya ba ni dariya shi ne, launin da nake nema tun farko, mai ɗumi da ɗan duhun ƙasa, galibi daga sinadarin ƙarfe ake samar da shi, irin wanda yake ba ƙasa launinta, kuma babu ruwansa da dalma. Sai dai ido ba ya tantancewa, kada ki dogara da kallo. Muka bar tagogi a buɗe kwana uku da fanka tana aiki. Mai ciki da mai asma da jariri ba su da abin yi a ɗakin da aka yi wa sabon fenti, kuma albasar da ake yankawa a ajiye a kwano ba ta kwashe abin da ke tashi a iska, warinta kawai take ƙarawa. Bokitin ma, na san yadda muke son sa, amma ban da ruwan sha, ban da jiƙa gero ko ajiye gari.

Wannan karon bango ɗaya kawai na ba ruwan ɗorawa, wanda ke fuskantar taga, inda ɗan hasken da muke samu yake sauka. Sauran ukun ruwan madara, silin fari. Kujeruna ruwan ƙasa ne, sai na sa aka ɗinka wa matasan riguna da yadin da aka rina da baba a Ƙofar Mata a Kano, domin shuɗi mai duhu yana kwantar da rawaya kamar yadda ba na jin wani launi yana yi. Na rataye faifai uku a bangon. Ragowar fentin kuma, da yake ba na son asara, na sa aka shafe ƙaramin ɗakin da shi gaba ɗaya, bango huɗu. Wannan ragowar ce ta kawo magana ta ƙarshe.

Bara ƙanwata ta haihu a nan Legas, da yake Hajiyarmu tana nesa sai ta zo wurina jego, na sauke ta a ƙaramin ɗakin. Kin san ɗakin mai jego: labule a sake, ƙwan fitila mai taushi, jariri a naɗe cikin shawul. A rana ta uku ta ce mini, "Yaya, kamar idonsa ya yi rawaya." Na leƙa na ce hasken bango ne, dubi hannuna ma rawaya ne a ɗakin nan. Masu zuwa barka ma haka suka ce. Washegari da hantsi na ɗauke shi don a gyara gadon, na fito da shi baranda, sai gabana ya faɗi. Farin idonsa ya rine, na danna goshinsa da yatsa na ɗaga, wurin ya fito rawaya, na buɗe ƙirjinsa, ta sauko har ciki. Ko wanka ban yi ba muka tafi asibiti.

Shawara a jarirai ba baƙuwa ba ce. Kusan shida cikin goma na waɗanda suka cika wata tara suna yin ta a satin farko, bakwaini kuma sun fi haka, yawanci ta wuce da kanta. Amma in ta yi yawa tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da kurumta ko shanyewar jiki, kuma tsakanin mai sauƙi da mai haɗari wani lokaci kwana ɗaya ne. Shi ya sa ake so a duba jariri kullum a satin farko cikin hasken rana, kusa da taga ko a waje cikin inuwa: farin ido, dasashi, da fatar goshi ko hanci in an danna. In ta bayyana a ranar haihuwa, ko ta sauko ciki da ƙafafu, ko jariri ya ƙi kama nono yana ta barci, asibiti ne nan take. Ruwan gulukos da maganin ɗigawa na kashe ƙwayoyin cuta da ake zuwa nema wurina ba sa maganinta, shanya jariri a rana ma ba ya wadatarwa. Kafur ɗin da ake jefawa cikin akwatin kayan jarirai kuma yana iya tayar da ita ga wasu yaran, a raba su da shi.

An auna jinin ɗan ƙanwata, aka kwantar da shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila kwana uku, aka sallame mu ana gobe suna. Likitar ta tambaye mu yaushe muka fara gani, ƙanwata ta ce jiya, ta kalle ni, ba ta ƙara komai ba.

Bayan sun yi arba'in sun koma gidansu, na sa aka mayar da ƙaramin ɗakin fari. Bangon falo yana nan yadda yake. Wajen ƙarfe biyar na yamma, in babu hadari, rana tana samun wata 'yar kafa tsakanin gidanmu da na maƙwabta ta sauka a kansa kamar minti ashirin. Ranakun da ba na aiki nakan bar abin da nake yi in zo in zauna. Yaron ma ya gane lokacin, yakan jawo ni da zane ya ce in zo an kunna bango.